Odita Janar: An Ba Shi Gadi, An Hana Shi Fitila

A ƙarshe-ƙarshen shekarar 2022, sa'ad da kwamitocin Majalisar Wakilai suke tantance kasafin kuɗin 2023, an yi wani zama wanda jaridu suka ba shi ɗan gurbi, kana aka wuce shi kamar ba a yi ba. Jami'in da yake riƙe da ofishin Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, watau Odita Janar, ya bayyana gaban kwamitin da ke duba asusun gwamnati, ya shaida wa wakilai cewa ofishinsa ya nemi Naira biliyan 11 da ɗoriya domin aikin shekara guda, amma da takarda ta fito daga ofishin tsara kasafi sai aka tarar biliyan 5 da 'yan kai aka rubuta masa. Wakilan suka fusata, suka ƙi amincewa da wannan lissafi.

Kasafin da Shugaba Muhammadu Buhari ya gabatar wa Majalisa a watan Oktoba na wannan shekara ya kai Naira tiriliyan 20 da rabi. Duk wanda ya iya lissafin kasuwa zai iya fitar da sauran da kansa: a cikin kowace Naira dubu da gwamnati ta yi niyyar kashewa, kimanin kwabo 25 ne aka ware wa mutumin da aka ɗora wa nauyin bin sawun wannan dubun, ya gano inda ta shiga da inda ta fita. Kwabo 25, a ƙasar da yaran yanzu ba su taɓa ganin kwabo da idonsu ba.

Wani zai ce ina ruwan mai sayar da albasa a Mile 12, ko mai canji a Sabon Badun, ko ɗan acaɓa a Fatakwal, da rigimar manyan ma'aikata a Abuja? Ruwansa kuwa ya kai har wuya. Ɗan Arewa da ke neman abinci a Kurmi yana biyan haraji a inda yake zaune, yana kuma ɗaukar nauyin gida a inda ya fito. Tun daga watan Fabrairu na 2020 harajin kayan masarufi ya koma kashi 7 da rabi cikin ɗari, kuma ba a tambayar mutum garinsu kafin a cire shi, ko katin waya ya saya ko kwanon rufi. Idan kuma asibitin da aka rubuta a kasafi za a gina a ƙauyensu bai ginu ba, shi ne za a buga wa waya da tsakar dare a ce a aiko da kuɗin mota zuwa birni. Ofishin Odita Janar shi ne wurin da doka ta tanada domin a tambayi ina kuɗin asibitin suka maƙale. Idan wannan ofishi ya gurgunce, babu mai yin tambayar.

Fataken shanu sun fi kowa fahimtar wannan magana. Mutum ya loda tirela a Potiskum ko Maigatari, ya sa ta a hanyar Ikko, ba ya kwana da daɗi sai ya san akwai wanda zai ƙirga dabbobin a kara, ya rubuta nawa suka sauka, nawa suka faɗi a hanya, nawa aka sayar bashi da sunan wane mahauci. Kuma babu falken da yake da hankali da zai yarda yaron da ya rako shanun shi ne zai riƙa biyan mai ƙirgar albashi, in ya ga dama ya ba shi, in ya ga dama ya ce ya dakata sai wani watan. Abin da falke ba zai yarda da shi a kan shanu talatin ba, shi ƙasar nan ta yarda da shi a kan dukiyar mutum fiye da miliyan 200.

A kan takarda dai ofishin yana da martaba. Sashe na 85 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Odita Janar ikon binciken asusun Tarayya da na dukkan ofisoshi da kotunanta, ya ba shi damar ganin kowane littafi da kowace takarda da ta shafi kuɗi, ya kuma faɗa ƙarara cewa wajen gudanar da aikinsa ba ya ƙarƙashin umarnin kowa. Shugaban Ƙasa ne ke naɗa shi bisa shawarar Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya, sai Majalisar Dattawa ta tabbatar. Ba a iya tsige shi sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na 'yan Majalisar Dattawa. Albashinsa na ƙashin kansa ma Tsarin Mulki ya kare shi, yana fitowa kai tsaye daga babban asusun gwamnati ba tare da ya roƙi kowa ba.

To, a nan kariyar ta tsaya. An kare mutum ɗaya, an bar ofishinsa a waje. Kuɗin man mota, da na masaukin ma'aikata, da na horar da su, da na sayen kwamfuta da takarda, duk suna bin hanyar da kuɗin kowace ma'aikata ke bi. Ofishin tsara kasafi ya yanka wa kowa iyakarsa, abin da ma'aikata suke kira ambulan, a ce kada ka wuce nan. Bayan Majalisa ta amince kuma, sai a jira Ma'aikatar Kuɗi da ofishin Babban Akanta su saki kuɗin, domin rubutawa daban, saki daban, kamar yadda duk ɗan kwangila ya sani. Su kuwa waɗannan ofisoshi, su ne a sahun farko na waɗanda Odita Janar yake bincika. Lissafin shekara da Babban Akanta ya haɗa shi ne abu na farko da Odita zai baje a kan teburi ya bi shi layi-layi. Watau dai wanda ake bincika shi ne yake riƙe da jakar mai bincikensa.

Ba sai an zargi kowa da mugun nufi ba kafin a ga aibin wannan tsari. Ko da waliyyai ne a Ma'aikatar Kuɗi, wanda ya san gobe zai je neman a sakar masa kuɗin tafiya wurin mutum, yau ba zai ɗaga masa murya ba. Balle kuma ba kullum ake samun waliyyan ba. A watan Mayu na 2022 hukumar EFCC ta kama Babban Akanta na Tarayya na lokacin, Ahmed Idris, bisa zargin karkatar da Naira biliyan 80, daga baya tuhumar da aka kai kotu ta kai biliyan 109. Zargi ne, kuma hukunci na kotu ne. Amma adadin da ake magana a kansa a wannan shari'a guda ya ninka abin da aka rubuta wa ofishin Odita gaba ɗaya a kasafin 2023 fiye da sau ashirin.

Abin da ya ƙara wa maganar ɗaci shi ne ƙasar nan ta san maganin, ta kuma ba wasu. Kuɗin alƙalai ana miƙa su kai tsaye ga Majalisar Shari'a ta Ƙasa. A gyaran Tsarin Mulki na 2010 aka sa hukumar zaɓe da Majalisar Dokoki ta Ƙasa cikin wannan sahu, domin kada ɓangaren zartarwa ya riƙa juya su da yunwa. Masu tara kuɗi ma ba a bar su a baya ba: shekara da shekaru an bar wa hukumar tara haraji ta FIRS kashi 4 cikin ɗari na harajin da ba na mai ba, an bar wa Kwastan kashi 7 na abin da suka karɓa, a matsayin kuɗin ɗawainiya. Mai karɓa yana da kasonsa, mai kashewa yana da nasa, mai bincike ne kaɗai aka ce ya yi haƙuri da ambulan.

Dokar da ofishin ya gada ma abin kunya ce a faɗa. A 1956 aka yi ta, zamanin Gwamna Janar, shekara huɗu kafin samun 'yancin kai, lokacin da ake lissafi da fam da sule kuma ba a fara sayar da man fetur ɗin ƙasar nan a waje ba. Majalisa ta takwas ta zartar da sabon ƙuduri wanda zai ba ofishin hukumarsa ta ɗaukar ma'aikata da ikon tafiyar da kuɗinsa, aka kai wa Shugaba Buhari, bai sa hannu ba. Majalisa ta tara ta sake ɗauko shi, har mulkin ya ƙare a watan Mayu na 2023 bai zama doka ba. A tsakanin nan kuwa, a 2021, jihohi da dama sun yi sababbin dokokin bincike masu ba Oditocinsu 'yancin kuɗi, domin Bankin Duniya ya sa hakan cikin sharuɗɗan wani tallafi da yake ba jihohi ta hannun Gwamnatin Tarayya. Uwa ta tsaya a kan 'ya'ya sai sun sha magani, ita kuwa ta kawar da kai.

Yunwar ofis irin wannan ba a ganinta a fuska, a kalanda ake ganinta. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta ce a buga lissafin da aka bincika cikin wata shida bayan ƙarewar shekara. Rahoton 2019 bai fito ba sai a 2021. Na 2021 sai a watan Nuwamba na 2024 jama'a suka gan shi. Adalci ne a ce ba laifin Odita ne shi kaɗai ba, domin kwana 90 da Tsarin Mulki ya ba shi ba sa fara ƙirguwa sai Babban Akanta ya miƙa masa lissafi, shi kuwa yakan makara, ma'aikatu da hukumomi kuma sukan ƙi aiko da nasu. Amma sakamakon ɗaya ne. Bayan shekara uku, babban sakataren da ya sa hannu ya yi ritaya, daraktan kuɗi an mai da shi wata ma'aikata, ɗan kwangila ya canja sunan kamfani, fayil kuma an ce ruwa ya ci shi ko gobara ta lashe. Ihu bayan hari ke nan, kuma waɗanda suka kai harin sun san haka za a yi tun kafin su fito.

Sai kuma a dubi girman gonar da aka ba shi ya nome. Ma'aikatu da sassa da hukumomin Tarayya ɗaruruwa ne. Ayyukansu suna warwatse daga Bakasi zuwa Illela. Ƙasar nan tana da ofisoshin jakadanci fiye da ɗari a duniya, kowanne yana kashe kuɗin waje, kowanne kuma ya kamata a leƙa littafinsa. Bincike na gaskiya ba a teburi yake ƙarewa ba. Takarda za ta nuna an haƙa rijiyar burtsatse a wani ƙauye na ƙasar Gumel ko Argungu, da rasit da hatimi da hoton buɗewa, amma sai mutum ya shiga mota ya je ya murɗa famfon kafin ya san ko akwai ruwa. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin wannan tafiya ya ninka ba sau ɗaya ba. Kasafin ƙasa kuma ya kumbura: na 2016 Naira tiriliyan 6 ne da kaɗan, na 2024 ya haura tiriliyan 28, na 2025 ya kusa tiriliyan 55. Gaskiya ne faɗuwar darajar Naira ta ci kaso mai yawa na wannan ƙari, amma kowace Naira a ciki takardar biya ce da wani ya kamata ya duba.

Idan mai bincike ya isa gari babu kuɗin masauki, akwai mai ba shi. Shugaban hukumar da ya zo bincika zai turo mota tasha, ya kama masa ɗaki, ya aiko da abinci, ranar tafiya kuma a yi masa sallama ta mutunci. Ba lallai a kira wannan cin hanci ba, ana iya kiransa karamci. Amma Bahaushe ya riga ya faɗa, in baki ya ci, ido ya ji kunya. Haka nan matashin akanta mai basira da aka ɗauka aiki a ofishin, in ya dubi albashinsa na ma'aikacin gwamnati ya dubi na abokin karatunsa da ke Babban Banki ko kamfanin mai, ba ya daɗewa. Alhali yanzu kuɗin gwamnati a cikin kwamfuta suke yawo, tun daga tsarin biyan albashi na bai ɗaya har zuwa asusun bai ɗaya da aka tilasta a 2015, kuma mai satar zamani ba ya yaga rasit, lamba yake canjawa. Kama shi sai wanda ya fi shi sanin na'ura, irin wannan mutum kuwa ba ya araha.

Duk da wannan hali, abin da ofishin ya iya tonowa ya isa ya nuna abin da ake asara. A 2016 Odita Janar Samuel Ukura ya kai wa Majalisa rahoton shekarar 2014, inda ya ce kamfanin mai na ƙasa, NNPC, bai zuba Naira tiriliyan 3.2 a asusun Tarayya ba. Kamfanin ya musanta adadin, amma dole ta sa ya fito ya yi bayani a bainar jama'a, abin da ba ya cikin al'adarsa.

Wanda ya fi taɓa ɗan Arewa kuwa shi ne abin da rahoton 2019 ya faɗa game da rumbunan makaman 'yan sanda. Rahoton ya ce ya zuwa watan Disamba na 2018, makamai 178,459 ba a iya faɗin inda suke ba, a cikinsu har da bindigogi ƙirar AK-47 guda 88,078. Rundunar 'yan sanda ta yi jayayya da wasu daga cikin alƙaluman da aka danganta mata, ta ce akwai makaman da aka ba jami'ai suna bakin aiki da waɗanda aka ƙwace a hare-hare. Rahoton bai ce waɗannan bindigogi suna hannun 'yan ta'adda ba, kuma bai dace a sa masa maganar da bai yi ba. Amma mutumin Zurmi ko Birnin Gwari ko Sabon Birni da yake gadi a Lekki saboda gonarsa ta gagari shiga, wanda ya taɓa bin 'yan uwa gida-gida a Agege ana haɗa kuɗin fansa, yana da haƙƙin ya ji amsar wannan tambaya dalla-dalla, bindiga bayan bindiga. Ba ɗan jarida ne ya gano wannan giɓi ba, ba kuma ɗan adawa ba. Ma'aikatan ofishin kwabo 25 ne suka buɗe rajista suka ƙirga.

Tarihi ya nuna abin da kan sami wanda ya ƙirga da kyau. A watan Janairu na 2003 Vincent Azie, wanda yake riƙon ƙwarya a kujerar Odita Janar, ya fitar da rahoton shekarar 2001, ya fallasa ɓarna a ma'aikatu da dama ba tare da ya ware fadar Shugaban Ƙasa ko Majalisa ba. Gwamnatin Obasanjo ta nuna ɓacin ranta a fili. Da wa'adinsa na wata shida ya cika, ba a sabunta ba. Ba a buƙaci kashi biyu cikin uku na kowace majalisa ba, domin mai riƙon ƙwarya ba shi da wannan garkuwa. Daga watan Satumba na 2022 kuma, da Adolphus Aghughu ya yi ritaya, kujerar ta zauna fiye da shekara guda babu tabbataccen mai ita, sai a watan Oktoba na 2023 Shugaba Tinubu ya naɗa Shaakaa Chira. Hana kuɗi da hana tabbaci 'yan gida ɗaya ne, dukkansu suna koya wa mai bincike ya riƙa duban fuskar manya kafin ya buɗe baki.

Dattawan Arewa ba baƙin wannan al'amari ba ne. Sun san zamanin En'e, da Baitulmali da Ma'aji, da ranar da ake cewa odita ya sauka, malaman haraji su kwana suna daidaita littafi. Sun kuma san cewa binciken kuɗin En'en Kano da Muffett ya gudanar shi ne ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963. Har gobe ana muhawara a kan yawan siyasar da ta shiga wannan bincike, kuma muhawarar tana da tushe, domin gwamnatin Kaduna ce ta naɗa mai binciken. Darasin da ke ciki kaifi biyu ne: bincike yana iya kaiwa ga kowa komai girmansa, kuma mai binciken da yake hannun masu mulki, ko ya faɗi gaskiya, rabin jama'a ba za su yarda da shi ba.

Sauran duniya ta daɗe da yanke hukunci a kan wannan. A 1977 ƙungiyar ofisoshin binciken kuɗi ta duniya ta yi taro a Lima ta ƙasar Peru, ta amince cewa wajibi ne a ba irin wannan ofishi kuɗin da zai ishe shi, da damar neman su kai tsaye daga majalisar da ke amincewa da kasafi. An sake jaddada haka a Meziko a 2007, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya goyi baya a 2011. A Ingila, inda aka kwaso tsarin tun farko, dokar 1983 ta cire kasafin ofishin daga hannun Baitulmali ta miƙa wa wani kwamiti na majalisa. Su da suka bar wa Nijeriya dokar 1956 sun gyara tasu shekara arba'in da suka wuce.

Gana ta fi kusa, kuma labarinta ya fi amfani domin yana da daɗi da ɗaci. Tsarin mulkinta na 1992 ya ɗora kuɗin tafiyar da ofishin Odita a kan babban asusu, ya kuma ba shi ikon ya soke kashe kuɗin da ya saɓa wa doka, ya tilasta wa jami'in da ya yi ya biya daga aljihunsa. A 2017 Kotun Ƙoli ta umarci ofishin ya yi aiki da wannan iko, Odita Daniel Domelevo kuwa ya yi, har ya taɓa manya. A tsakiyar 2020 Shugaba Akufo-Addo ya tura shi hutun dole, a farkon 2021 aka sallame shi zuwa ritaya. Sai a 2023 Kotun Ƙoli ta ce hutun ya saɓa wa tsarin mulki, lokacin da bakin alƙalami ya riga ya bushe. Saboda haka doka mai kyau ba ta hana mai mulki neman hanya. Abin da take yi shi ne ta tilasta masa ya yi abin a fili, kowa yana kallo, maimakon ya shaƙe ofis a ɓoye ta hanyar jinkirta takardar sakin kuɗi.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma ba duka hujjojinsu ne na banza ba. Suna cewa kowane ofis a ƙasar nan kukan kuɗi yake yi, asibiti na yi, makaranta na yi, soja na yi, me ya sa za a fifita masu biro da takarda? Amsa ita ce kuɗin asibitin da na makarantar da na sojan ne ake so su isa inda aka aike su. Ko da an ba ofishin dukan biliyan 11 da ya nema a 2022, da bai kai kwabo 60 a cikin Naira dubu ba. Mai shago da ya ƙi sayen kwaɗo domin tsimi ba tsimi ya yi ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Suna cewa ko an ba shi kuɗi, rahoton zai je Majalisa ya kwanta. Wannan gaskiya ce mai zafi. Tsarin Mulki ya ce kowace majalisa ta miƙa rahoton ga kwamitinta na asusun gwamnati, kwamitocin kuma sukan yi zama, su kira shugabannin hukumomi, wasu su zo wasu su aiko da uzuri, a yi ta cacar baki gaban 'yan jarida, daga nan sai shiru. Odita Janar na Tarayya ba shi da ikon kamu, ba shi da na gurfanarwa. Ban da wannan, sashe na 85 ɗin da ya ba shi iko shi ne kuma ya hana shi binciken littattafan kamfanoni da hukumomin da doka ta kafa kai tsaye: nasa shi ne ya ba su jerin sunayen akantoci su zaɓa, ya yi sharhi a kan abin da aka kawo masa, ya kuma riƙa leƙawa lokaci-lokaci. A can kuwa manyan kuɗin suke. Duk wannan gaskiya ne, amma hujja ce ta a ƙara gyara, ba ta a bar ofishin da yunwa ba. Rahoton da ya fito a kan lokaci, wanda ya sa hannu yana kan kujerarsa, ya fi wuyar binnewa a kan wanda ya zo bayan shekara uku.

Hujja ta uku ita ce wa zai binciki mai bincike? Tambaya ce mai kyau, domin ma'aikatan ofishin ba mala'iku ba ne, 'yan ƙasar nan ne kamar kowa. Duk dokar da za ta ba su jakarsu wajibi ne ta sa Majalisa ta naɗa akanta mai zaman kansa ya bi littafinsu kowace shekara, a buga sakamakon kowa ya gani. Wanda ya nemi a buɗe masa ɗakin kowa, nasa ɗakin ya kamata ya fara zama a buɗe.

Abin da ake bukata bai da yawa. Kasafin ofishin ya tafi Majalisa kai tsaye ba tare da ofishin tsara kasafi ya yanka masa ambulan ba, abin da aka amince kuma a sake shi kamar yadda ake sakin na alƙalai da na hukumar zaɓe. A ba shi ikon ɗaukar ma'aikatansa da tsara albashinsu. A sa wa Babban Akanta da shugabannin hukumomi ranar miƙa lissafi, da hukuncin da zai hau kan wanda ya saɓa, shi da kansa ba ofishinsa ba. A kuma daina barin kujerar a hannun riƙon ƙwarya.

'Yan majalisar da za su yi wannan aiki ba daga sama suke faɗowa ba. Mazauna Kurmi suna da ƙuri'a, wasu a Agege da Idi-Araba da Sabon Shagamu, wasu kuma sukan cika motoci su koma gida ranar zaɓe. 'Yan takara sun san haka, shi ya sa ba sa wuce fadar Sarkin Hausawa in sun zo Ikko ko Badun, kuma shugabannin kasuwar shanu da ta gwari da ƙungiyoyin direbobi suna da lambobin wayarsu. An saba in sun zo a roƙe su taransifoma, ko rufin makarantar Islamiyya, ko kujerar Makka, su kuwa sun fi son irin wannan roƙo domin yana ƙarewa a ranar. Kowace shekara, da zarar Shugaban Ƙasa ya gabatar da kasafi, kwamitoci sukan zauna makonni suna sauraron ma'aikatu ɗaya bayan ɗaya, ofishin Odita Janar ma yana da ranarsa. Kafin wannan rana ya kamata wakilin Gusau ko Katsina ko Azare ya ji daga mutanensa na Kurmi, a tambaye shi nawa ofishin ya nema, nawa aka rubuta masa, nawa aka saki daga na bara, da kuma abin da kwamitin Majalisa ya yi da shafin da ya yi maganar bindigogi 88,078.